Wane shinge ne zai riƙe akuya: waya, ƙaya ko aguwa?

Malamin Firamare, Dawakin Kudu:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana masu kiwo. Ina da 'yar gona da na gada a bayan gari, kuma a gefenta na ware wuri na zuba awaki tara, tumaki huɗu da sa ɗaya da nake kiwatawa saboda babbar salla. Shekara uku ke nan ina kewaye wurin da darnin karan dawa, kowace kaka sai na sake sabo. Bana gara ta cinye gindin dirkokin ban ankara ba, da hadari ya taso daga gabas cikin dare sai iska ta kwantar da ɓangare guda, awakin suka fita suka kwana a gonar gyaɗar maƙwabcina. Sai da mai unguwa ya shiga tsakani na biya ɓarna, kuma har yau gaisuwarmu da mutumin ba ta koma yadda take ba. Na tara ɗan kuɗi ina so in yi shingen da zai daɗe. Wani ya ba ni shawarar in sayi waya mai ƙaya in ja layi huɗu in huta. Kafin in kashe kuɗin ina so in ji daga waɗanda suka riga ni.

Hajiya Mai Awaki, Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya ba ka shawarar layi huɗu na waya mai ƙaya, ina kyautata zaton shanu ya sani, bai yi kiwon akuya ba. Sa yana ganin waya ya tsaya, tunkiya ma takan haƙura, amma akuya tana bin shinge ne taku bayan taku tana neman inda zai ba ta hanya, ta cusa kai, kafaɗa ta bi, sauran jiki ya wuce. Na gwada wannan wayar a bayan gidana, kuma abin da na samu shi ne uwar garkena ta yage hantsa tana da 'ya'ya biyu a ƙarƙashinta, sai da na koma ba su madara da hannu har suka fara cin dusa. Jar akuyarmu kuwa fatarta tana da daraja sosai, dillalin fata yana ɗaga ta ya ga zane sai ya rage kuɗi. Idan waya za ka saya saboda awaki, ragar waya za ka nema, ita ma mai ƙananan idanu, domin mai manyan idanu akuya mai ƙaho tana zura kai ta kasa fitar da shi, in ba kowa kusa a nan rana za ta gasa ta.

Baba Tsohon Manomi, Sandamu:
Yaro, na karanta bayaninka sau biyu, kuma na lura kai da mai ba ka shawara duk kuna kallon sama ne, alhali abin da ya kayar da kai yana cikin ƙasa. Darninka bai faɗi don kara ba shi da ƙarfi ba, gara ce ta ci dirka. Ka sayi waya mafi tsada a kasuwa, ka ɗaura ta a kan itacen da gara za ta ci, bayan damina biyu za ka tarar da ita kwance kamar tabarma. A zamaninmu itacen da ake nema don dirka shi ne kirya, saboda tauri ne da shi har gatari yana kuka, gara kuma ba ta samun yadda take so da shi, sai azarar giginya, sai marke. Yau kirya ta yi wuya domin maƙera da masu gawayi sun gama da ita, kuma idan ka sare wadda ta rage malaman daji suna da magana da kai, sun kuwa yi daidai.

Abin da iyayenmu suka yi da suka ga itace yana ƙarewa shi ne su kafa dirkar da ba ta mutuwa. Aguwa da dashi ake sara a dasa. Ana yanko rassa masu kauri a ƙarshen rani, lokacin bazara kafin ruwan farko, a ajiye su a inuwa kwana kaɗan bakin saran ya bushe, sannan a haƙa rami kamar kamu ɗaya a jera su kusa da kusa. Ba a ba su ruwa. Wanda ya dasa aguwa a tsakiyar damina ruɓewa take yi, wannan kuskure na ga mutane da yawa sun yi shi suka ce wai ƙasarsu ce ba ta karɓa. Iyakar gonar da nake nomawa yanzu aguwar da mahaifina ya dasa ce, ya rasu ya bar ta, ni ma ga alama zan tafi in bar ta.

Mai Walda, Funtuwa:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan gara gaskiya ce, amma ka ba ni dama in ce aguwa ba za ta fitar da Malam daga matsalarsa ta bana ba. Reshen da aka dasa a bazara yana buƙatar damina biyu ko uku kafin ya haɗe ya toshe ƙafa, shi kuwa maƙwabcinsa zai sake shuka gyaɗa da ruwan farko. A ganina ya sayi bututun ƙarfe ko ya sa a buga masa ginshiƙan siminti da rodi a ciki, ya kafa su da kankare, ya ja raga, magana ta ƙare. Ina yi wa mutane wannan aikin, kuma ban taɓa ganin gara ta ci ƙarfe ba.

Baba Tsohon Manomi, Sandamu:
Gara ba ta cin ƙarfe, ɗana, amma akwai garar da take tafiya da ƙafa biyu, tana ɗauke da zarto da buhu. Gonar Malam a bayan gari take, ba a tsakar gida ba.

Mai Walda, Funtuwa:
Wannan kam ba ni da ta cewa, Baba. An taɓa kwashe wa wani da na yi wa aiki raga ta tsawon gefe guda cikin dare ɗaya, masu sayen tsohon ƙarfe kuwa ba sa tambayar inda kaya ya fito. Shi ya sa a wurin da ba mai kwana nake fifita ginshiƙin siminti a kan na ƙarfe, domin ɓarawo ba shi da inda zai kai shi, sannan a binne ƙasan ragar a ɗaure ta da waya a wurare da yawa yadda kwance ta zai ɗauki lokaci.

Malamin Gona, Zariya:
Ina ganin Baba da Mai Walda kowa ya riƙe rabin amsa, kuma rabin biyu ba sa faɗa da juna. Kafin in haɗa su, Malam, bari mu yi lissafi, tunda kai malamin makaranta ne ba zai ba ka wahala ba. Kuɗin shinge ba faɗin fili yake bi ba, tsawon kewaye yake bi. Fili mai mita 20 a kowane gefe kewayensa mita 80 ne. Fili mai mita 10 a faɗi da 40 a tsawo girmansu ɗaya da na farko, amma kewayensa mita 100 ne, wato ka ƙara wa kanka mita 20 na raga da ginshiƙai takwas ba tare da dabbobinka sun ƙaru da ko taku ɗaya ba. Saboda haka ka matso da garken ya zama murabba'i gwargwadon yadda filin ya ba da dama. Kada kuma ka yi tunanin kewaye gonar gaba ɗaya yanzu, domin hekta ɗaya ko da murabba'i ce kewayenta mita 400 ne, kuma mai awaki tara bai kamata ya fara daga nan ba.

A kan mita 80, idan ka ba da tazarar mita biyu da rabi, ginshiƙai 32 kake buƙata. A cikinsu guda huɗu na kusurwa da biyu na ƙofa su ne masu ɗaukar nauyin shingen duka, domin idan aka ja waya ta yi tsauri, kusurwa take janyowa ciki. Waɗannan shida kada ka yi musu rowa. Su fi sauran kauri, raminsu ya kusa kai mita guda, a zuba kankare, kuma kowace kusurwa a sa mata tokara ta ciki a ɓangarori biyu. Sauran na tsakiya aikinsu kawai su riƙe raga a tsaye, rami mai zurfin ƙafa biyu ya ishe su a ƙasa mai ƙarfi, a jigawa kuwa a ƙara. Idan kuɗi bai kai ba, na tsakiyar za su iya zama itacen turare ko darbejiya mai kauri wanda aka ɓare ɓawonsa, aka babbake gindinsa a wuta har ya yi baƙi, da sanin cewa za a riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya. Tsayin raga ga awaki kada ya gaza mita ɗaya da santimita 20, idan akwai bunsuru mai tsalle a kai shi ɗaya da rabi, idanunta kuma kada su wuce santimita 10. A kafa ragar ta cikin garke, ginshiƙai suna bayanta, domin akuya tana son goga jiki a shinge, idan ragar tana waje kullum ƙusa take turawa har ta fita.

Sannan a bazarar da ke tafe ka bi maganar Baba, ka jera aguwa a bayan ragar ta waje, kamar taku ɗaya tsakaninsu. Ragar za ta tsare dabbobi a shekarun da aguwa take girma, lokacin da ragar za ta fara tsatsa kuma aguwa ta riga ta zama bango.

Hajiya Mai Awaki, Gumel:
Malamin Gona, na gode da lissafin. Ina so in ƙara abu biyu da na koya da asara. Na farko, kada a ajiye kwamin abinci, turmi, tulin itace ko wani abin hawa kusa da shinge, domin akuya tana mayar da shi matakala, kuma ko da rumfarsu ce a janye ta zuwa tsakiya. Na biyu, ƙasan shinge ya fi samansa muhimmanci. 'Yan awaki ta ƙasa suke fita, kare ma ta ƙasa yake shiga. Ni sahu biyu na bulo na sa aka jera a ƙasa aka zaunar da raga a kai. A nan ne waya mai ƙaya take da amfani, layi ɗaya a can sama inda hantsa ba ta kaiwa, saboda san da ke son ɗora wuya da kuma mai son tsallakowa.

Game da itacen da ake dasawa, kada wani ya ce maka ka yi shinge da zogale a inda akuya za ta kai baki. Abinci ka dasa mata, har ɓawon za ta ci. Dashi ma suna cin ganyensa, don haka a bayan raga ya dace. Bini-da-zugu ba sa taɓa shi, yana kuma kamawa da sauri, amma 'ya'yansa guba ne, yara kuwa suna ɗauka kamar gyaɗa, saboda haka ni na cire shi daga gidana. Aguwa ma ruwanta fari yana ƙona ido, mai sara ya kiyaye, kada ya murza fuska kafin ya wanke hannu.

Ɗan Tasawa, Jihar Maraɗi:
Gaisuwa gare ku mutanen Najeriya. A wajenmu aguwa ita ce shingen talaka, za ka gan ta a bakin gonaki da gefen hanyoyin dabbobi, tana kuma tare yashi idan iska ta taso. Abin da muke yi kafin ta haɗe shi ne mu cusa ƙayar magarya ko ta sarƙaƙiya a tsakanin rassan, ta toshe ƙafar da ɗan akuya zai bi. Amfanin haɗa su shi ne ƙayar tana samun abin jingina, ba sai an riƙa sare itatuwa kowace shekara ana tarawa ba, wanda shi ne ya cinye dajin da ke kewaye da garuruwa da yawa. Wanda yake da haƙuri ya shuka magaryar kanta ko bagaruwa a layi, ya riƙa yi musu aski suna yin rassa ta ƙasa, zai samu shinge mai ƙaya da ransa, ya samu 'ya'yan magarya, bagaruwa kuma majema suna saya.

Amma akwai abin da ban ji an taɓo ba, wato inda za a kafa shingen. A Nijar tun 1993 muke da dokar karkara, akwai kwamitocin filaye har a matakin ƙauye, kuma hukuma ce take sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Wanda ya kafa shinge ya ci hanyar dabbobi, komai kuɗin da ya kashe ana iya sa shi ya cire. Malam ya tabbatar da iyakarsa tukuna.

Makiyayi, Ladduga:
Ɗan'uwana na Tasawa ya riga ni faɗa. Mu masu shanu ba ma ƙin shinge, hasali ma gona mai shinge ta fi mana kwanciyar hankali, domin yaro ba zai wayi gari a gaban alƙali ba saboda saniya ɗaya ta kauce. Abin da yake kawo fitina shi ne mutum ya ga burtali a gefen gonarsa ya matsa da dirkarsa taku biyu bana, baɗi ya ƙara biyu, na ɗaya gefen shi ma ya yi haka, har hanyar da garke yake wucewa ta koma ta mai keke. Tun 1965 aka yi dokar wuraren kiwo a Arewa, amma dattawan kowane gari sun fi takarda sanin inda burtali ya bi da inda mashaya take. Malam, ka kira mai unguwa da maƙwabcin naka su tsaya a wurin ranar da za ka ja igiya, ka kuma ja da baya taku ɗaya cikin naka. Aguwa tana faɗi idan ta girma, kada nan da shekara biyar ta zama ita ce sabuwar shari'a.

Malam Mai Almajirai, Zariya:
Tunda magana ta zo kan biyan ɓarna, yana da kyau a san cewa abin da mai unguwa ya yanke wa Malam yana da asali. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. A Suratul Anbiya ma an ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaiman suna hukunci a kan shukar da tumakin mutane suka shiga cikin dare. Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya saki awakinsa da rana a tsakiyar damina ya ce ba ruwansa, domin malaman mazhabarmu sun yi sharaɗin cewa an kora dabbobin ne zuwa makiyaya nesa da gonaki. A garuruwanmu da gona take manne da gona, al'adar ɗaure dabbobi daga shuka zuwa girbi ita ake bi. Shingen Malam dai tsare haƙƙin maƙwabci ne kafin ya zama tsare dukiyarsa, don haka ina goyon bayan ya gayyaci mutumin ranar awo.

Malamin Firamare, Dawakin Kudu:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina da sauran tambayoyi biyu. Wani abokin aikina ya nuna mini shingen lantarki mai aiki da hasken rana, ya ce siririyar waya kaɗan ta isa. Sannan an ce in jiƙa gindin itace da baƙin mai saboda gara. Me kuka gani?

Malamin Gona, Zariya:
Shingen lantarki yana aiki, kuma a ƙasashen da ake kiwo a manyan filaye ana dogara da shi sosai, amma a wurinka ina da shakku. Dabba tana jin jan wutar ne idan wutar ta bi jikinta ta koma ta ƙasa, busasshen yashin rani kuwa ba ya ɗaukar wuta da kyau, sai an yi dabarar haɗa layukan waya na musamman. Da damina kuma ciyawa tana taɓa wayar ta shanye ƙarfinta, sai ka riƙa bi kana nomewa. Ga batir da faifan sola da za ka bari a bayan gari, Baba ya riga ya gaya mana wace gara ce take son irinsu. Ga yaran unguwa da masu wucewa da ba su san abin ba. Kada kuma kowa ya kuskura ya jona shinge da wutar gida kai tsaye, wannan kisa ne, na'urar shinge daban take, bugu take yi tana saki.

Baƙin mai mutane da yawa suna amfani da shi kuma yana rage saurin gara, amma datti ne mai guba, a tsaya da shi a iya abin da zai shiga rami, kada ya hau inda akuya za ta lasa, kada kuma a zubar da ragowarsa a garke, tunda takin wurin gonarka zai koma. Wannan ya tuna mini da ƙofa. Ka yi ta da faɗin da amalanke zai shiga ya kwashe taki, ta riƙa buɗewa ta ciki, kuma a sa mata sakatar da akuya ba za ta ɗaga da baki ba.

Baba Tsohon Manomi, Sandamu:
Saura abu ɗaya, yaro. Ka duba inda ruwa yake kwanciya a filin tun yanzu da ƙasa take nuna alama. Garken da aka kafa a kwari yana jawo ruɓewar kofato da tsutsar ciki, ginshiƙi ma yana saurin karkata a cikin laka. Sa kuma ka raba shi da ƙananan, ka kafa masa turke mai ƙarfi a gefe guda, domin sa mai ƙiba idan ya jingina da raga yana susa, lissafin Malamin Gona duka zai rushe. Da hunturu ka share ciyawa taku uku a bayan shingen saboda wutar daji.

Malamin Firamare, Dawakin Kudu:
Na je na auna da igiya bayan la'asar. Wurin da nake amfani da shi dogo ne siriri, kewayensa ya haura mita 100, kuma ƙarshensa na kudu a kwari yake kamar yadda Baba ya yi zato. Zan dawo da shi kan tudu in yi mita 18 a kowane gefe, kewaye ya zama 72. Kuɗin da ke hannuna zai sayi ginshiƙan siminti shida da ragar gefe uku, gefen da ke kallon gonata zan bar shi da sabon darni da ƙaya zuwa bayan salla idan na sayar da san. Na yi wa maƙwabcina magana a masallaci, ya ce zai zo ranar Asabar tare da mai unguwa, har ya ce akwai aguwa a tsohuwar gonar kawunsa da zan iya sara idan bazara ta yi. Baba, reshe nawa zan tanada wa kowane taku, kuma mai kaurin yaya?

Baba Tsohon Manomi, Sandamu:
Uku ko huɗu a kowane taku, masu kaurin ƙotar fartanya, tsawonsu ya kai ƙugunka. Ka saro fiye da abin da kake buƙata, domin ba duka za su kama ba, kuma ka sa tsohuwar riga ranar, ruwan aguwa ba ya fita da sabulu.